Ajin Manhaja a Rumfar Hatsi ta Magama

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da abokan aikina biyu, kwamfutoci jibge a bayan mota. Maraɗi muka nufa. Wani tsohon abokin karatuna da ke koyarwa a wata jami'a can ya sha jinya, ɗalibansa ga jarrabawa a gabansu, ba su taɓa darasin da ya fi ba su tsoro ba: salon gina manhaja da ake kasa ta abu-abu, kowane abu da siffofinsa da aikinsa. Shi na shekara ina koyarwa, don haka ya roƙe ni.

Hanyar Jibiya a damina abin kallo ce. Gero ya yi kai hagu da dama, 'yan babur na wuce mu da jarkoki, shingayen bincike kuwa har direbanmu ya gaji da sauke gilashi. A cikin garin Jibiya muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya yi tsada, amma da na ɗanɗana sai na yafe wa mai suyar.

A Magama, bakin iyaka, tafiyar ta cije. Takardar izinin ƙetarawa da kwamfutocin ba ta iso ba. Jami'in ya yi mana bayani cikin mutunci, amma babu hanya. Na kira abokina na Maraɗi na gaya masa. Ya ce, "Kada ka motsa, mu za mu zo."

Kafin azahar sai ga su sun sauko daga motar haya, maza da mata, kowa da jakarsa, malaminsu na dogara sanda. Wasu ko karyawa ba su yi ba. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya ji labarinmu, ya ba mu rumfarsa, maƙwabcinsa mai cajin waya ya jawo mana wuta. Buhunan gero suka zama kujeru.

Wata ɗaliba ta gaishe ni, "Ina wuni, Mushe?" Na waiga ina neman abin da ya mutu. Ashe haka suke kiran malami a can. Abokan tafiyata sun yi dariya har da hawaye.

Sai matsala ta biyu: da Faransanci suka yi karatu, ni da Turanci. Abokina ya ce, "To, ka yi da Hausa mana." Ban taɓa yi ba. Na nuna manyan motocin da ke layi, na ce kowace mota tana da lamba da nauyin kaya, tana tashi tana tsayawa. Wannan shi ne zubi, wato tsarin da kowace mota ke bi. Waccan ja mai ɗauke da shanu kuwa abu ɗaya ce da aka fitar daga zubin. Na ƙara da cewa tanka mota ce, sai dai ta ƙara da nata.

Ɗalibar nan ta ɗaga hannu. "Mushe, wanga ai gado ne. Ta gaji uwa tata, ta ƙara da halinta."

Na ce sunansa ke nan a littafi. Daga nan ajin ya kama wuta. Kafin la'asar sun rubuta 'yar manhaja mai jera motoci da babura a layin iyaka. Da ta yi aiki, wani saurayi ya yi kabbara har 'yan dako suka leƙo. Ban taɓa ganin masu ƙishin ilimi irinsu ba; jaki na kuka, injin niƙa na ruri, ko ɗaya bai ɗaga kai ba.

Muka rabu da wuri don kada duhu ya same mu a hanya. Suka cusa mana kilishi da dogon burodinsu, abokina ya riƙe hannuna gam.

Mun shigo Katsina ana kiran magariba. Maraɗi dai ban gan ta ba, amma tafiyar ta koya mini cewa mai son karatu ba ya jiran allo da fanka. Ta kuma bar ni da tambayar da ta hana ni sakat: ɗalibaina nawa suka faɗi wannan darasi don kawai ban taɓa gaya musu shi da harshen da suke tunani da shi ba? Ranar Litinin da Hausa zan fara.