Baba Gafaru Na Bayan Ayari

Kafin jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya cika da masu tafiya aiki, Baba Gafaru ya riga ya ɗage ƙofar shagonsa na gyaran keke a unguwar Morris Heights da ke Bronx. Daga masallaci yake wucewa can. Ya ɗora ruwan shayi, ya baje kayan aiki a kan wani tsohon buhu, kafin ruwan ya tafasa masu kai abinci gida-gida sun yi layi da kekunansu, wannan birki, wancan faci, kowa yana rantsuwa lafiya ƙalau ya ajiye nasa jiya. Ba ya musu da kowa. Sai ya shafa sarƙar da yatsa, ya nuna wa mai keken tsatsa, ya ja tsaki. Shekara ashirin da biyu ke nan da barowarsa zangon Kumasi, tsakin nan bai ragu ba.

Duk lokacin zafi, shekara goma sha ɗaya a jere, wasu 'yan'uwanmu su ashirin da 'yan kai sukan hau keke daga Bronx har Buffalo, tafiyar mako biyu. Suna yada zango a ƙananan garuruwa, su ajiye keke su ɗauki guduma, su taya gina gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi, don Allah. Aiki ne mai kyau, babu mai ja. A watan jiya suka yi walima a unguwar Soundview. Aka kira sunan shugaba, aka kira mai ɗaukar hoto, har wanda ya zana rigar ayari an tafa masa. Na Baba Gafaru shiru. A babban hoton da aka manna a bango, gwiwar hannunsa kaɗai ta fito. Da na yi magana aka ce mantuwa ce. Shekara goma sha ɗaya ana mantuwa!

Alhali shi ne na ƙarshe a hanya kullum, da jakar kayan gyara mai nauyin buhun shinkafa. Tun saura wata guda a tashi yake roƙo kowa ya kawo kekensa a duba. Ba sa kawowa sai ranar tafiya da safe, suna murmushi, wai ɗan ƙara ne kawai yake yi. Wanda tayarsa ta fashe shi zai jira, wanda ya gaji shi zai jira, wanda ya ɓata hanya don ya tsaya ɗaukar hoton shanu shi zai koma nema. Kafin ya iso masauki abinci ya huce.

Hamdatu, wata 'yar ayarin, ma'aikaciyar jinya ce, ta ce a shekararta ta farko ta zauna a gindin wani tudu ta fashe da kuka, ta ce ita a kira mata mota. Baba Gafaru ya iso, bai lallashe ta ba. Ya dubi keken ya ce, "'Yata, giyar keken nan ba don ado aka sa ta ba. Tun safe kina taka mai nauyi kamar kina daka. Sauke ta, tashi mu je." Ta ce don haushi ta hau tudun. Bana tafiyarta ta bakwai.

Amma abin da kowa ke tunawa shi ne gidan wani tsohon direban bas da ciwon suga ya cinye masa ƙafa biyu. An gama gidan, saura gangarar katako da zai riƙa hawa da keken guragu. Shugaban ayari, Nasser, injiniya ne, shi ya auna, shi ya zana. Da la'asar aka gama, aka jeru za a yi hoto. Baba Gafaru yana gefe yana ɗaure wa tsohon tayar kekensa da ta saki. Ya dubi gangarar, ya nemi izinin mai keken, ya zauna a ciki ya tura kansa. Bai kai rabi ba ya dawo da baya.

Ya ce, "A kwance."

Nasser ya ce, "Haba Baba, gobe mil sittin ne a gabanmu. Ai matarsa za ta riƙa tura shi."

"Ka dubi matar? Ta girme ni. Malam injiniya, zo ka zauna ka hau. In ka kai ƙofa, ni zan fara hawa keke mu tafi."

Nasser ya zauna. Sau uku yana gwadawa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya tashi ya ɗauko abin cire ƙusa.

Kwana guda cur suka yi asara. Aka yi ta gunaguni, wasu ko gaishe da Baba Gafaru ba su yi ba washegari. Aka tsawaita gangarar har ta zagaya gefen gida. Da aka gama, tsohon ya kama tayoyinsa da hannu biyu, matar ta miƙo hannu za ta taimaka, ya girgiza kai. A hankali ya hau har bakin ƙofa, ya murɗa mariƙinta, ya shiga. Hamdatu ta ce sai da aka yi minti biyar kafin wani ya tuna da hoto.

Kai ne, Baba Gafaru, mai faɗan da ba ya kwana. Kai ne ka zauna a kujerar da duk masu digiri ba su yi tunanin zama ba. Kuma kai ma ba ka da sauƙi, gara in faɗa. Sau uku ina zuwa shagonka don wannan rubutu, sau uku kana sa ni riƙe taya kana cewa, "Me za ka rubuta? Na yi faci, na yi faci, shi ke nan."

Bana likita ya ce gwiwar Baba Gafaru ta gama nata, babu sauran doguwar tafiya. Aka fitar da takardar rajista. Mutum ashirin da shida suka sa hannu za su hau keke. Gurbin mai gyara har yau babu ko suna ɗaya. Da aka gaya masa ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce duk Asabar bayan azahar zai koyar da duk mai so, amma wanda ya makara ya koma gida.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya, ya sa abin da ka shuka a hanyar nan ya tarye ka a gaba.

Ku kuma 'yan ayari, yabon baki ya isa haka. A cikinku ashirin da shida a samu ko da biyu su je ranar Asabar. Za a yi muku faɗa, hannunku zai yi baƙi, ƙila ma ku tafi ba ko sannu. Ku je dai. Kuma don Allah kada wanda ya sa farar riga.