Ƙyalle Na Bakwai

Malam Gali bai taɓa riƙe bulala ba, kuma a firamaren da ya koyar a Sharada wannan kaɗai ya isa a yi wa mutum kallon wanda notinsa ya kwance. Ya zo Kano daga wani ƙauye a bayan Gumel a shekarar 1976, lokacin da aka buɗe makaranta ga ɗan kowa. Matarsa ta rasu kafin ya taho, ba ɗa ba jika, bai kuma sake aure ba. Ɗaki ɗaya ya kama a gidan hayar leburorin masaƙa, masu fita lokacin da yake dawowa. Shayinsa ma shi kaɗai yake sha.

Ɗan tela ne, hannunsa bai san zaman banza ba. Duk Asabar sai ya je bayan masaƙa ya tsinto ƙyallayen atamfa da aka zubar, ya wanke, ya yanka su tsawon ɗan yatsa. A bangon aji uku ya kafa ƙusoshi, kowane yaro da tasa, kowace ƙusa da igiya. Wanda ya faɗi gaskiya ko ya raba faɗa, Malam zai ɗaura masa ƙyalle ɗaya, aji ya tafa. In sun kai bakwai sai ya ɗinke su su zama jakar fensir, yaro ya kai gida ya nuna. Sauran malamai suka laƙaba masa Malam Tsumma. In sun zauna gindin darbejiya cin rogo da ƙuli ba sa kiransa, shi ma ba ya zuwa. Amma ajinsa ya fi na kowa natsuwa, wannan ma bai ƙara masa farin jini ba.

A 1984 aka kawo masa Zuwaira, 'yar wani mai aikin rini a masaƙa. Yarinya ce kamar barkono, ga tsiwa ga cizo. Wata biyar ta yi kafin ta tara ƙyalle shida, kowanne da gumin goshi. Kullum kafin ta zauna sai ta je ta shafa igiyarta.

"Malam, saura nawa?"

"Ke ma kin sani, sarkin rigima."

Ita kaɗai ce mai tsayawa bayan an tashi ta tambaye shi ko ya ci abinci, kuma ya san yana jiran tambayar.

Wata Juma'a Jummai, abokiyar gabarta, ta zubar da kunun da ta zo da shi, ta zauna tana kuka. Zuwaira ta tura mata nata ƙoƙon ba tare da ta kalle ta ba. Malam ya gani. Har ya zaro jan ƙyalle daga aljihu, sai dabara irin ta malamai ta zo masa: bari a ja mata rai zuwa Litinin, ta koyi yin alheri ba don lada ba. Ya mayar da shi. Zuwaira ta bi hannunsa da ido. Ranar ba ta tsaya tambayar abinci ba.

Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ranar Litinin gurbinta ba kowa. Ya je ƙofar masaƙa, maigadi ya ce masa, "Ai Malam, an sallami mutum ɗari biyu ranar Juma'a, har da ubanta. Jiya suka ɗaure kaya, an ce Nijar suka koma." Wane gari? Ba wanda ya sani.

Abin ya ci shi ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa. Tun daga ranar bai sake jinkirta wa yaro ƙyallensa ba, ko a tsakiyar darasi ne sai ya ajiye alli ya ɗaura. Da aka zo shafa wa aji farar ƙasa ya cire igiyoyin duk waɗanda suka tafi, ban da ɗaya. Hedimasta ya ce, "Malam, ko ku ɗaura na bakwan mana ku huta?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sai a gabanta ake ɗaurawa."

Igiyar ta zauna a bango da ƙyalle shida har ya bar aiki. Jan ƙyallen kuwa, duk ranar wanki sai ya ciro shi daga aljihun wannan riga ya mayar a na waccan.