Wayar da Yayana Ya Yi Ciko da Ita

Shekarun baya, wata rana da hantsi, ina zaune bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata ina tankaɗe garin lalle, sai saƙo ya shigo wayata. Ban san lambar ba. Na ɗauka wata ce ke son ƙunshi, don sana'ata ke nan tun da na gama sakandare. Na goge hannu a zani na buɗe. Hoto ne, ƙafar mace da zanen lalle har ƙwauri. Zanen nawa ne, na san hannuna. Ƙafar kuwa ta ƙawata ce, ranar lallenta, kuma wannan hoton ban taɓa tura wa kowa shi ba.

Kafin in gama tunani wani saƙon ya biyo: "Sannu mai lalle. Hannunki na da kyau, amma rawarki ta hi kyau."

Rariyar ta suɓuce mini. Rawa ɗaya na taɓa yi aka ɗauka a waya, a ɗakin amarya, ƙofa a kulle, mata zalla. Ba mai ɗankwali a cikinmu. Ƙawata da ɗaurin ƙirji, har da yayar mijinta da matan aure biyu suna juyi suna shewa. Ni na jingina wayar jikin taga, ni kuma na rantse masu babu idon namijin da zai gani. Bidiyon yana cikin memorin tsohuwar wayata, tare da hoton tallar lallena mai ɗauke da lambata.

Tsohuwar wayar kuwa ba ni na rabu da ita ba.

Yayana manomin shinkafa ne, kuma duk unguwarmu an san ciwonsa. Wasu in sun sayar da amfani sai su gyara katanga ko su ɗaure tunkiya. Shi waya yake canzawa. An girbe ta damina, sabuwar waya. An girbe ta rani, sabuwar waya. Tsakani ma in abokinsa ya fiddo wadda ta fi tasa yawan idanun kyamara a baya, ba ya barcin kirki sai ya rama. Dalili ba ya ƙare masa: wannan caji ba ya zama, waccan hotonta na mayar da shi baƙi, wata kuma wai ta yi nauyi a aljihu. A gidanmu waya saukowa take kamar riga. In ya yi sabuwa, tasa ta dawo hannuna, tawa ta tafi kasuwa a yi ciko da ita.

Da can nakan zauna in kwashe kayana kafin in miƙa. A wannan karon na dawo daga Islamiyya na tarar da tasa bisa katifata, layina a ciki. Wai bazata ya yi mini. Kuma ni, shashasha, har da tsalle. Sai da na gama ɗaukar kaina hoto ta kowace kusurwa sannan na tuna.

"Yaya, memorina hwa?"

"An wanke komi. Mai shago ya yi mata hulashin gabana."

Na yarda, don yayana ne.

To ranar da saƙon nan ya zo, na same shi a zaure yana goge fuskar wayarsa da gefen riga kamar mai lallashin jariri. Na miƙa masa tawa. Ya karanta, ya ce, "Ki toshe lambar mana."

"In toshe? Bidiyon ma sai ya toshe kainai?"

"To wa yac ce ku yi rawa ku ɗauka? Ke dai ba ki da godiya. Waya mai ido ukku hwa na ba ki."

Ya ɗauki kayana ba da sanina ba, ya kai kasuwa don ya burge 'yan majalisarsu, amma laifin nawa ne da na yi rawa a ɗakin da aka kulle. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce masa Allah Ya isa tsakanina da idanu ukun.

Na so in ɓoye wa mahaifiyata, amma mutumin bai bar ni ba. Kullum sai ya turo wani abu. Yau ɗan yanki na bidiyon, gobe fuskar ƙawata ita kaɗai ya zagaye da jan layi. Ba kuɗi yake nema ba. Cewa ya yi in taho Argungu mu gaisa, in ba haka ba zai zuba bidiyon a guruf-guruf na waya, kowa ya sha kallo. Na daina cin abinci. Ko wayar maƙwabta ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ƙawata tana unguwar Badariya gidan mijinta, da ƙaramin ciki, mijin kuma irin mutanen nan ne da ko labule iska ya ɗaga sai sun tambayi dalili. Ta kira ni tana dariya tana cewa na guje ta. Na ce mura nake yi. Ina ajiye wayar na shiga bayan gida na yi amai.

Inna ce ta tare ni a bakin rijiya. "Ke, mi ke cin ki? Kak ki ce mini ba komi, ni na haihe ki."

Na faɗa mata duka. Na zaci mari zan sha. Ta dube ni, ta dubi zauren da yayana ke zaune, ta ce, "Ɗauko mini hijabina."

Mu uku muka tafi kasuwar waya. Mai shagon Bayarabe ne da ya daɗe a Birnin Kebbi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya tuna wayar, don yayana babban abokin cinikinsa ne. Ya ce, "Hajiya, wallahi na wanke ta. Amma wanki bai taɓa memori. Mai waya shi ka cire abinai kahin ya kawo."

Inna ta ce, "Kai ba ka dubawa?"

"Hajiya, dubi nan." Ya jawo wata durowa cike da wayoyi, an ɗaure su da roba kamar ɗaurin kifi. "Waɗanga duk na satin ga na. Wani ko wata ukku ba ta yi hannunai. In na ce sai na buɗe cikin kowace, yaushe za ni ci abinci?"

Na tsaya ina kallon durowar nan. Kowace waya a ciki ta kwana ƙarƙashin matashin wani. Ya ce tawa wani mai albasa daga Augie ya saya. Ya kira shi a gabanmu. Mai albasa ya ce ai tuni ya rabu da ita, ba ta jure ranar fadama, ya musanya ta a kasuwar Argungu da wani da bai san sunansa ba. Shi ke nan zaren ya tsinke.

A hanyar gida yayana ya ce a kai wa hukuma. Inna ta ce, "Su buɗe bidiyon matan mutane bisa tebur, maza su kewaye suna bincike? Kai dai yi shiru, ka yi naka aikin." Ta juyo gare ni. "Rubuta mashi. Ki ce kina tahe ran kasuwa."

Na rubuta. Ya amsa nan take, har da hoton fure.

Ƙanen mahaifiyata yana Argungu, sana'arsa bandar kifi, kuma babu lungun garin da ba a san shi ba. Inna ta kira shi ta ce, "Ɗiyarka ta anka taɓa." Abin da ta faɗa ke nan, bai nemi ƙari ba.

Ran kasuwa muka shiga mota. Duk shinkafar da ke shimfiɗe gefen hanya ban ga korenta ba, salati kawai nake. A tasha aka tsayar da ni kusa da mai lemo, ni kaɗai. Inna na zaune bisa benci kamar mai jiran mota. Kawu da abokan aikinsa biyu suna can suna taya wani buhu da ba su da niyyar saye. Yayana aka ce ya tsaya nesa, don fuskarsa na cikin hotunan.

A raina ɗan iskan yaro nake jira, mai askin banza da wando a gwiwa. Wanda ya yi mini sallama dattijo ne. Furfura a gemu, hula a karye tsaf, carbi a hannu, ɗaya hannun riƙe da ledar balangu. Ya yi murmushi ya ce, "Mai lalle, ashe kin hi hoto."

Ban san sanda na kurma ihu ba. Ba ya cikin shirin, amma ya yi aiki. Kafin ya juya Kawu ya riƙe masa wuyan riga. Abin da na ji ya fi komai ba ni tsoro shi ne Kawu ya kira shi da sunansa. Ya san shi. Layi ɗaya suke sallar Juma'a.

Daga nan aka tura ni gidan Kawu, aka wuce da shi wajen mai unguwa. Matar Kawu ta kawo mini fura, ta kawo kifi, ban iya taɓa ko ɗaya ba. Ina zaune a ɗaki mai warin hayaƙin banda, ina ta lissafin mugun abu. In ya riga ya tura fa? In yana da aboki? Me zan ce wa ƙawata, da wane baki?

Yayana ne ya fara dawowa, fuskarsa kamar an zare mata jini. Ya tsuguna bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce an je gidan mutumin an bincika. Ashe shi ma mai yawan canza waya ne, duk kasuwa an san shi, har ana yi masa kirarin ba ya wata da waya ɗaya. Amma shi ba sabuwa yake saye ba. Tsofaffi yake bi, musamman masu kwali mai fure ko ɗan madubi a baya, waɗanda ka gani ka san mace ta riƙe. Ya buɗe, in akwai memori ya cire, ya sayar da wayar, ya sayi wata. An samu gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa, ya kusa cika da memori.

Yayana ya ce, "Ki yahe mani."

Na ce, "Wayarka ta yi caji?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, wai a gaban mai unguwa har an fara cewa a rufa asiri, mutumin yana da iyali, yana da 'ya'ya mata da za a aurar. Asirinsa ne abin rufewa. Namu da ya tara a gwangwani kamar goro, wannan ba asiri ba ne? Har gobe in na gan shi a mafarki da ledar balangun nan nake ganinsa, kuma har gobe ban ji an yi masa abin da ya kai laifinsa ba.

Shi ya sa masu yi mini dariyar wayata, ku ci gaba. Ita ce dai mai ido ukun, fuskarta ta tsage, na ɗaure bayanta da roba, sai na jingina caja da dutse take kamawa. Amare na cewa, "Mai lalle, duk cinikin ga ba ki canza waya?" Ba na canzawa. Ranar da ta mutu ni zan binne ta da hannuna. Kuma ban ƙara ɗaukar ko yatsar wata a hoto ba. Ƙawata ta haihu, ta sake haihuwa, ba ta san komai ba, ni kuwa har yanzu ba na iya haɗa ido da ita in ana kiɗa.

A ran nan dai, ina gidan Kawu, bayan la'asar na ji sallamar Inna. Ta shigo da gumi, hijabinta ya karkace, gefen hannunta da ƙura. Matar Kawu ce ta ba ni labari daga baya, wai da aka fara maganar rufa asiri, Inna ta aika cikin gidan mai unguwa aka fiddo turmi. Ta juye gwangwanin a ciki, ta ɗora wayar mutumin a kai, ta karɓi taɓarya a gaban maza, ba wanda ya iya cewa ta bari. Kafin nan ta sa matar mai unguwa ta duba wayar a cikin gida, ba a ga ya tura wa kowa ba, kuma an ɗora masa Alƙur'ani ya rantse babu wani wurin da ya ajiye.

Ta zauna kusa da ni ta kwance bakin zaninta. Wani baƙin gari ne, da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli.

"Ga shi nan. Kin tsira, ɗiyata."

Na sa yatsa ina tonawa kamar wawuya. Na ce, "Inna, wane na nawa?"

Ta ce, "Ban tambaya ba. Duk ɗiyan mutane na."

Ta kama hannuna ta juye mini garin a tafi, ta naɗe yatsuna a kai. Sai a lokacin kuka ya zo mini. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tura mini ƙwaryar furar da ƙafa.

"Sha, mu kama mota. Kin bar mani lalle baje tsakar gida awaki na ci."