Gwangwanin Malama Adama

Bencin ne ya gaya mini. Ranar Alhamis ce da hantsi, na taso daga unguwarmu Dogo Nini da ɗinkin Malama Adama a leda, riga da zane da ta ba ni tun satin da ya wuce. Ina shan kwanar gidansu a Hausari sai na ga dogon bencin nan nata a ƙofar gida, maza huɗu zaune a kai, kowa ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ina shiga gidan nan, ban taɓa ganin bencin ya bar barandarta ba. Na 'yan mata ne. A kansa suke jeruwa da takardunsu a cinya, suna jiran ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Da na gan shi a waje ban tambayi kowa komai ba. Na jingina da katanga ina ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ledar tana hannuna. Daga baya aka ce mini bayan sallar asuba ta ce ƙirjinta ya riƙe, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa.

Ni tela ce, karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Ita kuwa Malama Adama ta koyar a sakandaren 'yan mata har ta yi ritaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ta ajiye aiki sai ta ɗauki wani, wanda ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa biyan ta. Duk lokacin cike fom na jarrabawar shiga jami'a, iyaye mata mukan kai mata 'ya'yanmu ta duba musu abin da ya kamata su karanta da inda ya kamata su nema.

Ba ta gaggawa. Yarinya za ta zauna a gabanta, ta karɓi sakamakon sakandare ta nisanta shi da ido, don tabaraunta ya tsufa, ta bi darasi ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Sannan ta yi tambayoyinta guda biyu da duk wadda ta hau bencin nan ta haddace su. Ta farko: "Me kike yi idan ba wanda ya aike ki?" Ta biyu: "Wa zai bar ki ki tafi, kuma zuwa ina?" Ta ce babu amfanin a nema wa yarinya gurbi a garin da ubanta ba zai bar ta ta kwana ba. Idan iyakar uban Damaturu ce ko Gashuwa, to a nan za a duba mata. Idan makinta bai kai na jami'a ba, sai ta lissafo mata kwalejin ilimi da makarantar nas da ta koyon fasaha, ta gaya mata gaskiyar kowace, ba ta rage ba ta ƙara. Na sha ganin yarinya ta fito tana kuka saboda an ce mata takardarta ba za ta ɗauki likitanci ba. Malama ba ta rarrashi. Sai dai ta miƙa mata ruwa ta ce, "Yi kukan yau a nan, ya fi ki yi shi shekara guda a gida."

Abin da ta fi jin haushi shi ne a tura yarinya shagon kwamfuta ita kaɗai. Takan ce mai shagon ba mugu ba ne, sauri yake yi, mutane na jira a baya, duk abin da ya fara zuwa hannunsa shi zai danna mata. Don haka kowace sai ta rubuta mata zaɓinta a takarda da manyan baƙaƙe, ta ce idan aka danna wani abu daban ta tashi ta fito.

Sai maganar gwangwani, wanda shi ya sa na zauna yin rubutun nan. Rajistar jarrabawar ba ta yiwuwa sai da layin waya, kowace yarinya da nata, kuma ta layin ne saƙo yake zuwa idan an samu gurbi. Yawancin 'ya'yanmu kuwa ba a ba su waya. Wadda aka yi wa da layin yayanta, sai ya sayar da wayar da sim ɗin a ciki. Wata layin ya mutu saboda an daɗe ba a kira da shi ba. Da Malama ta ga yara na rasa gurbi a kan wannan, sai ta samo gwangwanin madara babba. Kowane sim ta naɗe shi a 'yar takarda da sunan mai shi. Kusa da gwangwanin akwai littafi mai jan bango da take rubuta lambobin sirri na kowace. Duk Asabar da safe sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko wata ƙaramar waya mai maɓallai, ta sa sim ɗaya, ta duba saƙo, ta yi ɗan kira don layin ya rayu, ta cire, ta sa na gaba. Wani lokacin sim ya faɗi ta yi ta lalube a tabarma. Bana guda goma sha ɗaya ne a ciki. Ɗaya na 'yata ta uku ne, Kaltume. Ɗaya na wata marainiya ce da kakarta ta kawo ta tun daga Gadaka.

Kaltume sau biyu ke nan tana rubutawa. A karon farko Malama ta ce kada ta zaɓi likitanci. Maigidana, wanda dillali ne a kasuwar shanu, ya ce 'yarsa likita za ta zama, ya bi ta har shagon ya tsaya a kai aka danna. Shekarar ta wuce ba ko saƙo. Da lokaci ya zagayo, Malama ba ta aiko ba, da kanta ta zo gidanmu da sandarta. Ta ce wa maigidana ta tambayi yarinyar me take yi idan ba wanda ya aike ta, ta ce tana wajen tumaki tana duba wadda ba ta cin abinci, don haka ilimin kiwon dabbobi ya dace da ita, makinta kuma zai kai. Ya ɓata rai ya ce shi bai kai 'ya makaranta don ta dawo kiwo ba. Malama ta ɗaga kai ta kalli rufin ɗakin ta ce, "Malam Sale, wannan kwanon da ke kanmu, likita ne ya saya maka ko saniya?" Ya yi dariya, ya ce a yi yadda ta ce.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Wata biyu kafin rasuwarta na je gwada mata riga, ta buɗe gwangwanin ta zaro takardar Kaltume ta miƙo mini. Ta ce, "Hauwa, karɓi ki ajiye. Kina da waya, zan nuna miki yadda ake yi, ba wuya." Na ja hannuna baya. Na ce ni ina na iya, kada in ɓata, a wajenta ya fi zama lafiya. Ta mayar ta rufe, ta ce kowa cewa yake a wajenta ya fi zama lafiya, ita kuma tsohuwa ce. Na ce Allah ya ja da ranta, na ci gaba da auna kafaɗa.

Kwana uku na yi cur a gidan makoki, ina dawowa kullum har bakwai. A ɗakinta muka zauna mu mata. Gwangwanin yana kan kabad, littafin na ƙarƙashinsa, da na miƙe tsaye hannuna zai kai. Na gan shi ranar farko, na gan shi kowace rana. Amma da wane baki zan ce a ba ni abin 'yata, alhali ko tabarmar da aka yi wa mai ɗakin wanka ba ta bushe ba? Me za a ce da ni? A ce matar nan ba mutuwa ce ta kawo ta ba, bukatarta ce. Uwar wata yarinya da ke gefena ta taɓa ni ta nuna kabad ɗin da ido, na girgiza mata kai, na ce a bari a share makoki. Mu goma sha ɗaya, duk wadda ta zo ta gani, duk kunya ta rufe mana baki.

Ranar addu'ar bakwai yayan Malama, Alhaji Sabo, wanda ke zaune a Kano, ya tara dangi. Ashe an ɗan samu maganganu a tsakaninsu a kan kayan ɗaki. Ya sa aka fitar da tabarmi, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya rantse a gabansu cewa ko allura ba za ta fita ba sai ranar arba'in, idan magada sun hallara. Ina tsakar gida ina wanke kofuna na ji ƙarar kwaɗon. Ko a lokacin ban yi magana ba.

Kwana biyu bayan haka sunayen waɗanda suka samu gurbi suka fito. Wata ƙawar Kaltume ce ta gani a wayar yayarta ta zo da gudu. Sunan 'yata yana nan, a karatun da Malama ta zaɓa mata, a jami'ar da ubanta ya yarda da ita. Muka yi murna ta minti kaɗan. A shagon kwamfuta aka ce sai ta shiga ta danna cewa ta karɓa, kuma mako huɗu aka bayar, wanda bai karɓa ba a ba wani. Shiga kuwa sai da lambar sirri. Lambar tana cikin littafi. Idan an manta, sabuwa ta layin take zuwa. Layin yana cikin gwangwani. Na zauna na ƙirga da yatsu har sau uku: wa'adin zai cika saura kwana uku a yi arba'in.

Ba inda ba mu je ba. A ofishin kamfanin waya aka duba aka ce layin da sunan Malama aka yanke shi, don lokacin shekarun Kaltume ba su kai ba, sai dai mai layin ta zo da kanta. Na ce mai layin tana maƙabarta. Yarinyar da ke wajen ta ce Allah ya jiƙanta, ta kira na gaba. A ofishin hukumar jarrabawa na Damaturu aka ce mu rubuta takarda mu jira. Limamin unguwar su Malama ya ce wannan amana ce, ba ta cikin gado, mayar da ita ga masu ita ma sauke wa mamaciyar nauyi ne. Ya kira Alhaji ya gaya masa. Alhaji ya ce ya ji, sai ya zo.

Maigidana, mutumin da da farko ya ƙi karatun nan, shi ya bi motar shanu har Kano ya same shi a shagonsa. An karrama shi, an kawo masa abinci. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Alhaji ya ce shi bai san da wani gwangwani ba, kuma idan ya buɗe wa mutum ɗaya 'yan'uwa za su ce zinare aka kwasa. Ya raka shi har bakin titi ya ce, "Malam Sale, ka yi haƙuri, na riga na rantse. Yarinya ce, baɗi ta sake." Maigidana ya dawo ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Ya ce zai je ya fasa kwaɗon, ni na riƙe shi, na ce ba za a ce mun fasa ɗakin matar da ta yi mana wannan ba. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ba na cewa Alhaji Sabo mugu ne. Tsoron haƙƙin magada yake yi. Abin da ke ci mini rai shi ne, 'yar'uwarsa ta yi shekaru tana wannan aiki, a cikin danginta ba wanda ya san me take yi duk Asabar a kan tabarma. Sai kuma waɗanda suka hau bencin nan a da. Na gan su a makoki, wasu nas-nas ne yanzu, wasu malamai, wata har da mota da direba. Sun yi kuka, sun ce ita ce uwarsu. Na bi uku daga cikinsu har gida na roƙe su su haɗu su yi wa Alhaji magana, su da suka san muhimmancin abin. Ɗaya ta ce maganar dangi ce, ba ta shiga. Ɗaya ta ce za ta kira ni. Ta ukun ta tambaye ni me ya hana ni ɗauka tun ɗakin yana buɗe. Ita kaɗai ce ban ji haushinta ba, don gaskiya ta faɗa.

Kaltume ba ta kuka. Da safe ta fita wajen tumaki, ta dawo ta zauna. Jiya ta ce mini ko an ce ta sake baɗi ba za ta iya ba, don wa zai duba mata. Sauran yara goman kuwa, har da ta Gadaka, wasu ba su ma san ko saƙonsu ya shigo ba.

Ya Allah ka jiƙan Malama Adama, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Duk yarinyar da ta nuna wa hanya, ka sa ladan a mizaninta. Amanar da ta bari a ɗakin nan, kada ka tambaye ta a kai. Ta miƙo, mu ne muka ƙi karɓa. Ka ba Alhaji Sabo da sauran danginta haƙurin rashinta, ka haɗa kansu, ka tausasa zukatansu. Mu kuma ka yafe mana shirun da muka yi, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Yau kwana talatin da rasuwarta. Rigarta tana nan a leda, ban san wa zan ba ba. Gwangwanin yana kan kabad, ɗakin a kulle, makullin yana Kano. Saura kwana bakwai, Kaltume ba ta danna ta karɓa ba.