Ga Ƙaninsa

A layin masu kayan gini, Ƙaninsa kowa ke ce masa, domin bai taɓa barin mai saye ya fita hannu rabbana ba. Ka nemi fenti, ko kan famfo, ko makullin ƙofa, in babu, sai ya leƙa bayan kanta ya fito yana murmushi: "Wancan ya ƙare, amma ga ƙaninsa. Uwa ɗaya, uba ɗaya." Kwali kuwa bai taɓa juya shi ya karanta ba. A cewarsa, idonsa ya girmi rubutun kamfani.

Da surukarsa za ta dawo gidansa da zama, ga ciwon gwiwa ga sanda, sai ya tashi haiƙan gyara mata banɗaki. Ana tsakiyar aiki tayil ɗin ƙasa ya ƙare, shi kuwa ya yi wa kansa abin da yake yi wa jama'a: ya kawo ƙaninsa, mai sheƙi, har ya fi yayan kyau.

Mai tayil ɗin da ke masa aikin, tsohon abokin tsokanarsa, ya juya kwalin ya nuna masa hoton bango a gefe, ya ce wannan na bango ne, in ya jiƙe ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ƙaninsa ya ce tun mai tayil bai san warin siminti ba yake sayar da tayil. Uwargida, tana tsaye bakin ƙofa, ta ce ita dai uwarta ɗaya ce, kuma ba ta da ƙanwa a bayan kanta.

Don ya rufe musu baki, ya jera 'yan kaɗan a tsakar gida, ya kwara ruwa, ya tuɓe takalmi, ya hau yana gyara hula. Bai san lokacin da ya zauna ba.

"Sannu, maigida," in ji mai tayil. "Ƙanin ne ya gaishe ka?"

Mai kaushi aka shimfiɗa wa tsohuwa, tana shiga tana fita lafiya lau.

Har yau in kaya sun ƙare yakan kawo ƙaninsa, sai dai yanzu yakan sa tabarau, ya juya kwali, ya karanta wa mai saye inda suka yi kama da inda suka rabu. Bokitin ruwa ma na nan bakin shago, domin gwaji. Yana bugun ƙirji cewa shi ya kawo wannan dabara layin. Uwargida ba ta musa masa, sai dai ta tambaye shi ya ƙugun.