Asibi ta Gungu a Ƙasar Sanyi

Mutanen Yelwa sun san Asibi a matsayin ungozomar asibiti, amma kaɗan ne suka san yadda ta yi karatunta. A wani gungu, wato tsibiri, da ke tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, 'yar Tanimu manomin albasa. Ita kaɗai ce mace daga gungunsu da ta shiga makarantar mishan, kuma mahaifinta ne ke tuƙo ta a jirgi duk farkon zango. Da ta fara koyon aikin jinya aka ga ƙwazonta, sai aka sa sunanta cikin waɗanda za a tura Ingila. A lokacin ana ta ginin madatsar Kainji, ma'aikatan gwamnati suna yawo suna shafa fenti a bangon gidajen da ruwa zai ci. Tanimu dariya kawai ya yi, ya ce Kwara ta san iyakarta tun zamanin kakanni.

Ta sauka wani gari na arewacin Ingila da shigowar sanyi. Abin da ya fara ba ta tsoro shi ne rana, wadda ke faɗuwa tun la'asar ba ta yi ba. A hanya ta gaida wata mata, matar ta ƙanƙame jakarta ta ƙara sauri. Abinci kuwa dafaffen kabeji ne da dankali, ba yaji ba daddawa. Da aka ce mata akwai kogi a garin, ta tafi da ɗokinta, sai ta tarar da baƙin ruwa mai wari tsakanin masaƙu, ba jirgi, ba mai su, ba mai wanki.

A asibitin da take koyon aiki, ɗakin tsofaffi aka fara kai ta. Wani tsoho ya janye hannunsa ya ce kada ta taɓa shi, ta haɗiye wannan. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne wata tsohuwa da ke gyara gashinta kowace Lahadi tana kallon ƙofa, wai ɗanta zai zo. Asibi ta tambayi babbar ma'aikaciyar ɗakin ko ɗan ya rasu ne. Aka ce mata yana nan lafiya, aiki ne ya yi masa yawa. Ta daɗe tana juya maganar. Da tsohuwar ta cika, Asibi ce ta rufe mata ido, ta tsaya jiran masu kuka har aka zo aka canza zanen gadon.

Da sanyi ya fara sauƙi, Bitrus, ɗan kawunta da aka turo Ingila koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa, ya zo ganinta. Sun daɗe suna gaisawa da Gunganci, harshen mutanen gungu, tana dariya tana share hawaye. Sai da ta matsa masa ya ba ta labarin gida. An kwashe mutanen gungu zuwa sabon gari a kan tudu, gidajen siminti a jere, masu zafi kamar tanda. Ƙasar wurin tsakuwa ce, albasa ta ƙi. Tanimu ne na ƙarshe da ya fito, shi ma sai da ruwa ya shiga rumbunsa. Yanzu kullum yana zaune a bakin tafkin da ya cinye gungun, ba ya noma, ba ya su, abinci ma sai an lallashe shi.

Asibi ta miƙe ta ce gida za ta koma. Bitrus ya ce Inna, mahaifiyarta, ta san haka za ta ce, shi ya sa ta ba shi saƙo da baki.

"Ta ce in gaya miki, in kin taho hannu wofi, to mi munka samu? Gona ta tafi, gida ya tafi. Ke ɗai ce ruwa bai ci ba."

Duk da haka ta je wurin shugabar makarantar ta nemi izini. Matar ta saurare ta da tausayi, amma ta ce ana yaƙi a Nijeriya, wanda ya tafi ba lallai ya samu dawowa ba, kuma ba za a ajiye mata gurbi ba. Asibi ta koma bakin aiki. Ta rame, ta daina zuwa coci na wani lokaci, domin in an fara waƙa kuka ke ƙwace mata. Jarrabawarta ta farko ma faɗuwa ta yi, sai da ta sake zama.

Tanimu ya rasu a damina ta biyu bayan ƙaura, labarin bai iso gare ta ba sai bayan an yi girbi. Ta gama karatu, ta ƙara da na karɓar haihuwa, ta dawo bayan yaƙi ya ƙare.

An so ba ta aiki a Sakkwato, ta roƙa a bar ta Yelwa. Matan sababbin garuruwa, waɗanda ke tsoron asibiti, suka fara zuwa saboda akwai mai jin harshensu. Ta auri wani malamin firamare, Yusha'u, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ƙaramarsu, Tamada, yanzu ita ke sayar da kifi busasshe a kasuwar Yelwa, kuma a bakinta na ji yawancin wannan labari.