Bas ɗin da Muka Saya da Shanun Babana

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, ni kuma ina ganin duk Argungu ba wanda ya kai ni wayo, na sa ta sayar da shanun huɗar da babana ya bar mana muka sayi mota. Yau in na tuna nakan yi dariya, amma dariyar ba ta kai mini har ciki.

Inna, haka muke kiranta, sana'arta shinkafar gumi ce. Ita da matan maƙwabta ke jiƙa shinkafa su turara, su shanya a tsakar gida, a kai inji a casa, a zuba a buhuna. Masu sayenta matan da ke dafa abincin sayarwa ne a Birnin Kebbi, na bakin makarantu da ofisoshi, kuma sun san hannunta, don ba a tauna tsakuwa a shinkafarta. Abin da ke ba mu wahala shi ne kai kaya. Sai a ajiye buhuna a tasha tun da safe, direba ya ce sai mota ta cika, kafin a isa rana ta raba, masu abinci sun gaji da jira.

Ni kuma na gama makaranta, ba aiki, sai kwali da surutu. Na je na yi wa sana'ar rajista, na buga rasit mai tambari, na shiga kiran kaina manaja. Har Inna ta koma ga Allah ban jin ta san ta taɓa ɗaukar manaja.

To, ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, ba ta yi mini faɗa baki da baki. Duk abin da take so in ji, ƙanwata take gaya wa, ko da ina zaune a wurin. Ni ma ta wajen ƙanwata nake bi. Da haka na yi wata biyu ina aika saƙon cewa shanu sun zama tsohon yayi, mota ce za ta ɗaga sana'a, kafin damina ta faɗi mun mayar da wasu shanun da suka fi waɗannan. Ran nan ƙanwata ta fito daga ɗaki da amsa, wai Inna ta ce in na ga hakan ya fi, in kai su kasuwa. Ranar da aka kwance su daga turke ba ta leƙo waje ba.

Wanda na nufa a Birnin Kebbi wani dattijo ne ɗan kudu mai sayar da motoci na hannu. Ya fi shekara talatin a garin, Hausarsa ta fi tawa Kabanci, kuma abokin babana ne tun suna harkar albasa tare. Baba nake ce masa. Na gaya masa aikin da za mu yi, buhunan shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kusan kullum. Ya nuna mini wata farar bas marar kujerun baya, ya ce ba ta daɗe da zuwa hannunsa ba, in kira bakanikena ya duba ta.

Nan na tafka wautar farko. Na ga kamar in na kawo bakanike ya shiga ƙarƙashin motar abokin babana, na ce ban yarda da shi ba ke nan. Sai na ce, "Haba Baba, tsakanina da kai har sai an duba?" Na buɗe gaban mota na tsura wa inji ido irin na wanda ya san abin da yake kallo, na harbi taya da ƙafa, na zaga da ita cikin gari ba kaya ko ɗaya. Aka miƙo takarda na sa hannu da sunan kamfani, ban karanta ba.

Kwana biyun farko, kai, na sha daɗi. In na shigo unguwa sai na danna oda tun daga bakin masallaci. Matan da ke aikin gumi suka fito suka yi guɗa, wata ta shafa motar ta shafa fuskarta. Ƙanwata ta ce ta ga Inna tana leƙe ta bayan zana.

A rana ta uku, na ɗauko kaya cike, ina gab da Ambursa, sai allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujerata. Na tsaya na jira ta huce, na roƙi ruwa a wani gida na ɗura mata, ta tashi. Washegari ta sake. In ba kaya lafiya lau take tafiya, da ta ji nauyi sai ta fara tafasa.

Mai hankali zai juya kan mota a ranar ya mayar wa mai ita. Ni sai na sayi jarkoki biyu. Na ce da wane ido zan kalli Baba in ce ya sayar mini da mota mai aibi? Kuma wane saƙo zan ba ƙanwata ta kai ɗaki, cewa shanun babanmu sun zama tururi a kan hanya? Haka na yi mako uku ina ɗura ruwa ina jigila. Na san duk famfon da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, har masu sayar da rake na bakin hanya suka san ni, in sun hango ni sai su ce ga mai ba mota ruwa nan. In na dawo gida sai in ɓoye jarkokin a zaure, in shiga ina fito kamar ba komai.

Da abin ya ƙi, na kai ta wajen wani bakanike a Argungu a ɓoye, na ce ya kwance inji ya gyara kafin kowa ya ji. Ya kwance, ya kira ni ya nuna mini. Kan injin, wanda suke ce wa tof, a tsage yake, an like tsagin da wani irin gam an goge shi tsaf. Ya ce wannan ba aikin jiya ba ne, tun kafin motar ta zo hannuna aka yi shi, kuma zafin da na yi ta ba ta ya ƙarasa lalata abin da ya rage. Motar ba za ta sake tashi ba sai da wani injin.

A nan ne kunya ta sake ni, fushi ya kama ni. Na wuce wajen abokina lauya, wanda muka yi firamare tare, na ce kotu za mu, a dawo mana da kuɗinmu kaf. Ya bar ni na gama kumfar baki, sannan ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce wanda sana'arsa ce sayar da motoci, in ka gaya masa aikin da za ka yi da mota ya zaɓa maka, to doka na ɗora masa nauyin motar ta iya wannan aikin. Ta hannu ce, ba a sa ran ta zama sabuwa, amma ba a sa ran ta zo da fasasshen inji a like. Aibin da duba na yau da kullum ba zai nuna ba, mai saye na da damar ya mayar da kaya ya karɓi abinsa. Har na fara gyara zama.

Sai ya tambaye ni yaushe na ga matsalar. Na ce rana ta uku. Yaushe na gaya wa mai motar? Na ce har yau ban gaya masa ba. Ya dafe kai. Ya ce wanda ya ga aibi, ya ci gaba da lodin kaya har mako uku, ya kuma kai wa wani ya kwance inji ba da sanin mai sayarwa ba, to a idon doka ya karɓi motar, damar mayarwa ta wuce shi. Ya ce ko gaban alƙalin shari'ar Musulunci na je, abin da zan ji ke nan, ci gaba da amfani bayan ganin aibi yarda ce. Ya karanta takardar da na sa wa hannu, ga shi an rubuta na saya yadda na gan ta, kuma da sunan kamfani, don haka za a ɗauke ni ɗan kasuwa da ya san abin da yake sa wa hannu. Ya ce wannan layin ba ya kare wanda ya san da aibi ya ɓoye, amma sai na kawo hujjar ya sani. Abin da ya rage mini shi ne neman diyyar gyara, shi ma za a cire ɓarnar da na ƙara da hannuna. Ya rubuta mini wasiƙa zuwa ga Baba, ya ce, "Manaja, ka fara kai wannan."

Ba makawa na ba ƙanwata saƙon. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce Inna ta ce ba za a kai wa abokin mijinta takardar lauya ba tana raye, sai an je an yi magana, kuma da ita za a je. Washegari muka hau motar haya mu uku, ina gaba suna baya, har Birnin Kebbi.

Baba ya tarbe ta da girmamawa, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Na ajiye tsagaggen kan injin a gabansa na ba shi labari, kaina a ƙasa. Ya juya ƙarfen ya ga gam ɗin, idonsa ya yi ja. Ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi har yau. Ya ce shi ma wani ne ya kawo masa motar, kuma akwai ƙa'ida tsakaninsu, duk motar da ta nuna matsala a makon farko, ba a taɓa injinta ba, yana mayar masa. Da na zo a rana ta uku, da a ranar zan koma gida da kuɗinmu ko da wata motar.

"Ɗana," ya ce, "kunyar ga taka ta cuce ka, ta cuce ni. Da uban naka na, da ya zo ya zage ni tun ranar, mu sha shayi, magana ta ƙare."

Sai na ji muryar Inna. Ba ni ta kalla ba, shi take wa magana.

"Kar ka ɗora mai shi kaɗai. Ni ma na sani. Tun satin hwarko na ga jarkoki cikin zaure, kuma mata sun hwaɗa min suna ganinai tsaye bakin hanya. Na kasa aika mai, don kar shi ga kamar ina mai gorin shanu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ashe duk fito da murmushin da nake yi a tsakar gida, tana kallona ne kawai tana tausaya mini.

Aka daidaita a wurin. Baba ya ɗauki nauyin samo wani injin na hannu, mu muka biya kuɗin aiki. Abokina lauya ya ce ko a kotu da wuya in samu fiye da haka. Wasiƙarsa ba ta fita daga aljihuna ba. Amma kafin injin ya iso an yi wata guda da rabi, wasu masu abinci sun koma wajen wasu, ruwa kuma ya sauka ba mu da shanu. Muka bi layin masu huɗar haya, sai da kowa ya gama tasa aka zo tamu. Geron da muka girba bai kai mu ko rabin shekara ba. A wannan shekarar na ga Inna, da girmanta, ta ɗauki kwano tana aunar hatsi a kasuwa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan babana. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Bas ɗin ta yi mana aiki shekaru bayan haka, ba laifi. Abin da na koya kuwa, kullum nakan gaya wa masu tasowa a kasuwanci. Ka kai bakanike ko motar kawunka ce, ka karanta takarda kafin ka sa hannu, kuma ranar da ka ga aibi, a ranar za ka ajiye makulli ka sanar da mai kaya, kar ka bari kowa ya taɓa ta. Doka na ba ka haƙƙi, amma ba ta jiran ka gama jin nauyin mutane. Duk da haka, in na ce ba na kewar wancan zamanin na yi ƙarya. Ina kewar ƙamshin gumi a tsakar gida, da hayaniyar matan nan, da muryar da ke aiko mini saƙo alhali ina zaune taku uku daga ita.

Sai bayan shekara huɗu na iya sayen wasu shanun. Na shigo da su gida da hantsi na ɗaure a tsohon turken, na koma gefe na tsaya. Inna ta fito tana dogara sanda, ta zaga su sau ɗaya, ta shafa ƙahon ɗaya daga ciki. Tun da abin ya faru ba ta taɓa tayar da maganar motar ba, ko ta bakin ƙanwata. Sai ta juya wajen ƙanwata, ina gani tana danne dariya.

"Ki ce ma yayanki sun yi kyau. Amma shi buɗe bakinsu shi duba haƙora. In da aibi, yau za shi maida su, kar shi kai gobe."

Ƙanwata ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na je na kama bakin sa ina dubawa, don kar su ga hawayen da ke zubo mini.